Kafin ka ɗauki alli, shiga aji ka gani

Ɗan yayata ne ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ya zauna a bakin tabarma ya yi shiru kamar mai jiran a tambaye shi. Sakamakon JAMB ya fito, makinsa bai kai na kwas ɗin da ya saka a ransa ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Kawu, an ba ni shawara in koma kwalejin ilimi in yi NCE, wato takardar shaidar malanta, in ɗan fara koyarwa kafin Allah Ya kawo wata hanya."

Kalmar nan ta "kafin" ita ta tsaya mini a rai. Na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma zan iya cewa rabin matsalar da nake gani a ɗakin malamai daga wannan kalma take tasowa. Mutum ya shigo da niyyar shekara biyu, sai ga shi ya yi goma sha biyar, jikinsa a aji, zuciyarsa a bakin ƙofa tana jiran kiran kwastan ko banki. Bai samu abin da yake nema ba, bai kuma rungumi abin da ke hannunsa ba. Yaran da ke zaune a gabansa su ne ke biyan kuɗin wannan jira, alhali ba su ci ba, ba su sha ba.

Ban ga laifin yaron ba, domin tsarin ne ya nuna masa haka. A 2025, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin ilimi kuwa 100. An ɗauki shekaru ana tafiya a kan irin wannan tazara. Saƙon da kowane ɗan sakandare ke karantawa a ciki bayyane yake: idan ƙofofi sun rufe maka, ta koyarwa a buɗe take. Ƙasa ta ce wa 'ya'yanta wanda zai gina tubalin karatunsu shi ne wanda aka fi sassauta wa wajen ɗauka, sannan ta dawo tana mamakin yadda ɗan aji shida ba ya iya karanta wasiƙa.

Da ba haka abin yake ba. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai aka yi ta, kuma zaƙaƙuran yara ake tsamowa daga larduna a kai can. Sir Ahmadu Bello daga can ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi, daga baya a kwalejin horon malamai ta Maru, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Alhaji Shehu Shagari ya daɗe yana koyarwa kafin siyasa ta ɗauke shi. A wancan zamani malamin makaranta shi ke karanta wa gari takarda, shi ake tuntuɓa idan magana ta taso, kekensa ma abin kallo ne. Juyin ya fara ne sosai da shirin UPE na 1976, lokacin da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa. Niyya ce mai kyau, amma yara suka yi ambaliya fiye da lissafin da aka yi, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar don cike giɓin. Kuɗin fetur ya buɗe wasu ayyukan da suka fi maiƙo, masu ƙoƙari suka karkata can. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, malamin firamare ya zama na farko da ake riƙe wa albashi. Tun daga nan martabar ba ta koma inda take ba.

Na kawo wannan tarihi ne saboda manya kan yi amfani da shi wajen lallashin matasa: ai Sardauna ma malami ne. Gaskiya ne. Amma wanda zai yanke shawara yau, da ajin yau da albashin yau zai zauna.

To, mu fara da kuɗin, tunda shi ne kowa ke jin nauyin faɗa. Idan aka ce "albashin malami" kamar abu ɗaya ne, alhali ya danganta da wanda ya ɗauke ka. Malamin firamare na gwamnati daga kason ƙaramar hukuma ake biyansa, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ofishin sakataren ilimi. Na sakandare ma'aikacin jiha ne. Akwai na makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, waɗanda su ne suka fi samun daidaito, amma gurabensu kaɗan ne. Sai kuma makarantu masu zaman kansu, inda mafi yawan sababbin masu NCE ke fara faɗawa. A can za ka samu 'yan ƙalilan masu biya da kyau, da kuma tarin waɗanda abin da suke bayarwa bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wasu ma idan aka yi hutu babu ko sisi har sai an dawo. A tsarin albashin gwamnati mai digiri kan fara daga mataki na 8, mai NCE ƙasa da haka, kuma ƙarin girma yakan zo a takarda shekaru kafin ya zo a aljihu.

A Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ma'aikatan jihohi da dama sun fara gani, amma na ƙananan hukumomi, ciki har da malaman firamare, su ne a ƙarshen layi a wurare da yawa. A Abuja ma, fadar ƙasa, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan wannan magana. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da tsawaita shekarun aiki. Na biyun ya zama doka a 2022: ritaya a shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Na farkon kuwa, malamai har yau suna zuba ido. Ita ma dokar shekarun tana da fuska biyu. Ta ba ƙwararru damar ci gaba, amma duk malamin da ya ƙara shekara biyar a kujerarsa, saurayi irin ɗan yayata ya ƙara shekara biyar yana jiran gurbi.

Idan malami ya yi kuka da wannan hali, sai a ce ya yi haƙuri, ladansa yana wurin Allah. Na yi imani da ladan, a kansa nake tashi kullum. Sai dai mai gidan haya da mai awon masara ba sa jira, kuma bai kamata a mayar da ladan lahira hujjar danne haƙƙin mutum a duniya ba. Duk wanda zai shigo, ya ɗauki biro da takarda, ya samu malamin da ke matakin da zai fara, ya tambaye shi nawa ke shigowa hannunsa bayan an cire fansho da kuɗin ƙungiya. Ya lissafa kuɗin mota, ya lissafa aure idan yana gabansa. Wanda ya shigo ido buɗe ba ya cika zama mai ɗacin rai.

Aikin yana da nasa alherin, kuma ba ƙarami ba ne. Ana tashi da rana tsaka, sauran yinin naka ne. Babban hutu yana faɗowa cikin damina, shi ya sa da wuya ka samu malamin karkara da ba shi da gona. Akwai fansho ga na gwamnati, komai jan ƙafarsa. Hanyar ƙarin karatu a buɗe take, mai NCE na iya ɗorawa zuwa digiri yana bakin aiki. Ga mata kuwa, sana'a ce da yawancin iyaye da mazaje ke amincewa da ita ba tare da doguwar muhawara ba, kuma na ga yadda zuwan malama guda ɗaya makarantar ƙauye ke sa iyaye su saki jiki su bar 'yan mata su zarce aji huɗu. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kada sana'ar gefe ta cinye ta asali. Na zauna da malamin da duk ranar kasuwar garin ajinsa a hannun monita yake kwana, yara na ta rera abin da aka rubuta a allo tun jiya. Wannan cin amana ne, komai ƙanƙantar albashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk wannan lissafi ne da ake iya yi a zaune. Abin da ba a iya sani a zaune shi ne ko kai mai aji ne, kuma a nan maganar take.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin farko da aka ba ni, aji uku ne, sunayen da ke cikin rajista sun haura tamanin. Bencina shida ne, sauran a ƙasa suke zaune, wasu a kan buhun da suka zo da shi daga gida. Allon ya koɗe har sai mun jiƙa garin gawayi mun shafa masa kafin rubutu ya fito. Idan iskar hunturu ta taso, tagogin babu marufi, ƙura na shiga maƙogwaro, zuwa sha biyu murya ta dishe. A cikin wannan taro akwai wani yaro mai kaifin baki, kullum hannunsa a sama. Idan na ce a karanta shafi, sai ya zuba shi tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Na ɗauka shi ne gwanin ajin. Wata rana na rufe layin sama da tafin hannuna, na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafi, na ce karanta mini wannan. Ya dube ta, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ashe haddacewa yake yi daga bakin 'yan'uwansa. Shekara uku yana makaranta bai san baƙi ɗaya ba, kuma babu wanda ya lura, har da ni na tsawon zango guda.

Na tara marafan kwalba, na rubuta gaɓoɓi a bayansu: ba, bi, bu, ka, ki, ku. Bayan an tashi mukan zauna a gindin darbejiyar da ke bakin ofishin hedimasta, shi da wasu shida da na gano irin halinsu ɗaya, muna jera marafan a ƙasa muna haɗa kalma. Mun kusa wata biyu a haka, wasu ranakun kamar ba ma motsi. Ran nan ya jera guda uku da kansa, ya bi su da yatsa a hankali, leɓensa na rawa, ya ce "ka-su-wa." Ya ɗago kai da sauri ya ce, "Malam, kasuwa ce!" Sai ya miƙe ya nufi allon sanarwa da ke jikin bango yana neman wata kalmar da zai kama.

Na koma gida ranar nan ban ji yunwa ba. Wannan abin da na ji, shi nake so duk mai tunanin koyarwa ya bincika ko yana da shi. Akwai mutanen kirki, masu ilimi, da irin wannan ba ya motsa su, kuma ba aibi ba ne, Allah Ya yi su ne don wani aikin. Amma wanda bai da shi, ba abin da zai riƙe shi ranar da albashi ya makara, sufeto ya zo yana neman shirin darasin mako shida, uban wani yaro kuma na bakin ƙofa yana faɗa.

Sani daban, iya koyarwa daban. Na ga mai digirin lissafi da ya kasa fahimtar da 'yan aji huɗu rabi da kwata, na kuma ga tsohuwar malama mai takardar Gireti Tu, shaidar malanta ta da wadda ba ta kai NCE ba, ta shigo da sandar rake, ta kakkarya ta a gabansu, kafin a kaɗa ƙararrawa kowa ya gane. Abin da take da shi shi ne iya komawa inda yaro yake tsaye ta riƙo hannunsa, ta faɗi abu sau biyar ta hanya biyar ba tare da ranta ya ɓaci ba. Mai saurin fushi ya yi wa kansa adalci a nan. Bulala a hannun malamin da ya gaji da aikinsa ba tarbiyya take yi ba, huce haushi take yi, kuma yaro ya san bambancin. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudu daga makaranta a ƙauyukanmu, idan ka bi diddigi, akwai fuskar wani malami a cikin labarin.

Wasu na shigowa da tunanin aikin gwamnati ne, in ka shiga ka shiga ke nan. Abin da ya faru a Kaduna a 2017 ya isa ishara. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi jayayya da yadda aka gudanar da jarrabawar, kuma akwai ƙwararrun da guguwar ta tafi da su ba bisa haƙƙi ba. Amma duk wanda ya zauna a ɗakin malamai ya san akwai waɗanda takardar ɗan siyasa ce ta kawo su, ba sha'awa ba, ba cancanta ba. A Nijar ma, a wannan shekarar, an yi wa malaman kwantaragi irin wannan tantancewa. Yanzu NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ga kuma rajista da majalisar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, da jarrabawar ƙwarewa da take yi kafin ba da lasisi. Mai digirin da ba na ilimi ba sai ya ƙara da diflomar koyarwa ta PGDE. Ƙofar shiga na iya zama mai sauƙi, zaman ciki na ƙara tsauri.

Sai maganar da shekara goma sha biyar da suka wuce ba wanda zai sa ta a lissafi: tsaro. Sabon malami ba ya zaɓen inda za a tura shi. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, mun ga irinsa a Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, Birnin Yauri a Yunin wannan shekarar, Kuriga a Maris na 2024. A Kagara har da malamai da iyalansu aka tafi da su daji. A Arewa maso Gabas ɗaruruwan malamai ne suka rasa rayukansu a rikicin Boko Haram. Wanda zai karɓi takardar aiki a wasu ƙananan hukumomin Zamfara, Katsina, Neja ko Kaduna, dole ya zauna da iyayensa da matarsa su yi wannan magana a fili. Kuma su yaran can, su ne suka fi kowa buƙatar malami. Wannan ita ce wuyar abin, ba ni da wata amsa mai sauƙi da zan ba kowa a kai.

Kada a fahimce ni da cewa duk wanda larura ta kawo shi ya kauce. Da yawa cikin nagartattun malaman da na sani ba da son ransu suka fara ba. Rashin kuɗin jami'a ne, ko rasuwar uba, ko shirin gwamnati na samar wa matasa aiki, N-Power, da aka fara a 2016 ya jefa su aji da alawus ɗin naira 30,000. Suka shiga, aji ya kama su, suka zauna da zuciya ɗaya. Bambancinsu da masu jiran tsammani shi ne sun yanke shawara bayan sun ɗanɗana, suka daina leƙen ƙofa. Haka nan wanda ya gwada ya ga ba zai iya ba, ya fita da wuri, ya kyauta wa kansa ya kyauta wa yara. Kuskuren tsarinmu shi ne ɗalibin NCE ba ya tsayawa gaban aji da gaske sai lokacin koyarwar gwaji, can karatu ya yi nisa, an kashe kuɗi, juyawa ta yi wuya. A lokacin ne wasu ke gane ba sa son aikin, sai su haɗiye su ci gaba.

Shi ya sa ban ce wa ɗan yayata e ko a'a ba. Na ce masa kada ya taɓa fom ɗin canjin makaranta tukuna. Na haɗa shi da wani abokin aikina, hedimastan wata firamare a bayan gari, ya amince ya riƙa zuwa na mako uku: makon farko ya zauna a bayan aji ya yi kallo, na biyu ya taya duba littattafan yara, na uku a ba shi darasi ɗaya a rana. Na ce ya lura da abu uku a kansa. Idan yaro ya maimaita tambayar da aka amsa yanzu, me yake ji a ƙirjinsa? Idan ya koma gida, akwai fuskar wani yaro da ke biyo shi har wurin kwanciya? Ranar Lahadi da dare, zuciyarsa na yin nauyi ko tana shirya abin da zai faɗa gobe?

Ranar Alhamis ta mako na biyu ya dawo, rigarsa duk farin alli, ya zube a tabarma ya ce bai taɓa sanin tsayuwa na gajiyar da mutum haka ba. Ya ce hayaniyar ta kusa sa shi kuka ranar Talata, kuma albashin da malamin ajin ya faɗa masa ya tsorata shi. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce akwai wata yarinya a layin baya da ke rubuta harafin "b" a juye kullum, ya gyara mata sau uku tana komawa, ko akwai wata dabara? Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko masa gwangwanin marafan kwalbar nan. Saura mako guda ya gama, bai faɗa mini abin da ya yanke ba, ni ma ban tambaye shi ba.